Rumbun hotunan National Portrait Gallery a intanet: amfaninsa ga mai neman sunayen janar-janar da shugabannin zamanin yaƙi

Shekara shida ke nan ina tara tsofaffin hotunan hafsoshin soja da na shugabannin ƙasashe na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma mafi yawan abin da ke hannuna na same shi ne a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, inda ake cin karo da shafukan mujallu da suka yage, da katunan aika saƙo da suka yi ja saboda daɗewa, da hotunan da wani ya yanke da almakashi ya bar rubutun da ke ƙarƙashinsu a jikin littafin. Wannan rubutun da aka bari a baya shi ne sunan mai hoton, don haka aikina a kullum shi ne in mayar wa kowace fuska sunanta. A cikin waɗannan shekaru na gwada kafofi da dama, amma wadda na fi komawa gare ta ita ce rumbun hotunan da National Portrait Gallery ta Landan ta buɗe wa jama'a a intanet, kuma a kansa nake son yin bayani ga duk wanda ke da irin wannan sha'awa.

An kafa wannan gidan adana hotuna a shekarar 1856, kuma tun 1896 yake a mazauninsa na yanzu kusa da dandalin Trafalgar. Abin da ya bambanta shi da sauran gidajen zane shi ne, ana karɓar hoto ne saboda mutumin da ke cikinsa da rawar da ya taka a tarihin Birtaniya, ko da kuwa gwanintar mai zanen ba ta taka kara ta karya ba. Wannan manufa ita ce ta sa ya dace da aikinmu, domin tun daga tushe an tsara komai a kan mai hoto. Rumbun na intanet yana ɗauke da bayanan ayyuka fiye da 200,000, daga zanen fenti da na alƙalami zuwa mutum-mutumi da hotunan kyamara, ko da yake ba kowane bayani ne yake zuwa da hotonsa ba. Shiga kyauta ne, kuma ba a bukatar yin rajista kafin a duba.

Idan mutum ya rubuta suna a wurin bincike, za a kai shi shafin mai sunan, inda zai ga shekarar haihuwa da ta rasuwa, da taƙaitaccen tarihi, da adadin hotunansa da gidan ya mallaka, sannan hotunan a jere. Kowane hoto kuma yana da nasa shafin, mai ɗauke da sunan wanda ya zana ko ya ɗauka, da shekarar da aka yi shi, da abin da aka yi shi da shi, da girmansa, da hanyar da ya shigo hannun gidan, da wata lamba ta musamman da ke farawa da haruffan NPG. Ina ba wannan lamba muhimmanci ƙwarai, domin ita nake rubutawa da fensir a bayan kowane hoton da na tabbatar, saboda duk wanda ya gaje shi daga hannuna ya iya bin sawuna ya ga a kan wace hujja na tsaya.

Akwai abu ɗaya da ya wajaba mai niyyar amfani da rumbun ya fahimta tun da farko, wato an gina shi ne domin a tashi daga suna a isa ga fuska, alhali mu masu wannan sha'awa daga fuska muke tashi muna neman suna. Ba wuri ba ne da za ka ɗora hotonka na'ura ta gaya maka ko wane ne. Dole ka zo da zato, ko da na mutum huɗu ko biyar ne, sannan rumbun ya taimake ka ka tace su. A farko na ɗauki wannan a matsayin naƙasu, amma da tafiya ta yi nisa na gane cewa shi ne ya tilasta mini koyon karanta kaki da lambobin yabo da salon ɗaukar hoto, waɗanda su ne ainihin ilimin wannan fage. Manhajojin da ke kwatanta fuska suna kawo amsa cikin daƙiƙa, sai dai amsar tana zuwa ne ba tare da hujja ba, kuma idan aka ba su dattawa masu gashin baki iri ɗaya a hoto mai dishi-dishi, sukan cakuɗa su.

To, daga ina sabon shiga zai samo zaton? Shawarata ita ce ya fara da babban zanen da John Singer Sargent ya kammala a 1922, mai lamba NPG 1954, wanda ya tara manyan hafsoshin sojan ƙasa 22 na Daular Birtaniya a tsaye cikin kaki. Wani attajirin Afirka ta Kudu, Sir Abe Bailey, shi ne ya ɗauki nauyinsa tare da wasu zanuka biyu, ɗaya na hafsoshin sojan ruwa wanda Arthur Stockdale Cope ya gama a 1921, ɗaya kuma na shugabannin siyasa wanda James Guthrie ya yi, ya kuma ba gidan su duka kyauta. Faɗin zanen Sargent ya haura mita 5, tsayinsa kuma kusan mita 3 ne. Amfaninsa a rumbun shi ne, shafinsa ya jera sunayen duk mutanen da ke ciki, kuma kowane suna ƙofa ce zuwa sauran hotunan mai shi. Wanda ya zauna ya bi waɗannan ƙofofi 22 ɗaya bayan ɗaya, ya riga ya san mafi yawan fuskokin da zai riƙa haɗuwa da su a mujallun Ingila na tsakanin 1914 da 1919.

Wasu daga cikinsu ba sa wahalar ganewa. Jan Smuts na Afirka ta Kudu yana da ɗan tsinin gemu da siririyar fuska, ɗan ƙasarsa Louis Botha ma yana da gemu amma shi kakkaura ne mai faɗin kumatu. Arthur Currie na Kanada ƙato ne kuma ba ya barin gashin baki, abin da ya sa ya fita daban a cikin taron. William Robertson, wanda ya shiga soja a matsayin kurtu a 1877 ya kuma kai muƙamin fil mashal a 1920, ana gane shi da kaurin girarsa. Henry Wilson dogo ne siriri, yana da tabo a gefen ido daga raunin da ya samu a ƙasar Burma tun yana ƙaramin hafsa. Sauran kuwa sai an yi haƙuri, domin har zuwa watan Oktoba na 1916 dokar sojan Birtaniya ta hana aske gashin baki, kuma ko bayan an soke ta dattawan hafsoshi ba su rabu da nasu ba. Sakamakon haka, abin da ido yake fara kamawa a fuskar mutum shi ne abin da kusan dukkansu suka yi tarayya a kai.

Sai dai ina jan hankalin mai karatu da kada ya ɗauki zanen a matsayin shaidar ƙarshe a kan kamannin kowa. Waɗannan mutane ba su taɓa tsayawa wuri ɗaya a gaban mai zanen ba, ɗaiɗai ya zana su sannan ya harhaɗa. Biyu daga cikinsu ma ba su da rai lokacin da aka yi aikin: Stanley Maude ya mutu da cutar kwalara a Bagadaza a watan Nuwamba na 1917, watanni bayan ya ci birnin, Botha kuma ya mutu a watan Agusta na 1919. Haka nan akwai manyan da ba a sa su ba sam, irin su Ian Hamilton wanda ya jagoranci yaƙin Gallipoli, da Horace Smith-Dorrien, da Hubert Gough, alhali hotunansu sun cika jaridun wancan lokaci. Wanda ya taƙaita zatonsa ga mutum 22 na zanen zai yi ta ƙoƙarin cusa wa Hamilton sunan wani.

Bayan an san fuskokin sama-sama, abin da ke rage yawan waɗanda ake zato shi ne kafaɗa. Janar-janar na Birtaniya suna sa alamar muƙaminsu a kafaɗa, saɓanin ƙananan hafsoshi da a farkon yaƙin suke sa tasu a bakin hannun riga. Takobi da sanda a gicciye su kaɗai alamar birgediya janar ce ta wancan zamani. Idan an ƙara anini a sama, manjo janar ne. Idan kambi ne, laftanar janar. Idan kambi da anini ne tare, cikakken janar. Fil mashal kuwa sanduna biyu ne a gicciye cikin zoben ganye, da kambi a bisansu. Da yake an san shekarar da kowannensu ya hau kowane mataki, kafaɗa tana zama tamkar kalanda. Douglas Haig ya zama fil mashal a ranar 1 ga Janairu 1917, Edmund Allenby da Herbert Plumer da Wilson a 1919, William Birdwood a 1925, Julian Byng a 1932, Smuts kuma sai a 1941, ana tsakiyar yaƙi na biyu.

Bari in kawo misali daga abin da ya faru da ni, domin a ga yadda rumbun yake shiga cikin aikin. Na taɓa sayen wani hoto a wurin wani mai tsofaffin littattafai, na wani gajeren dattijo mai jiki, da farin gashin baki, yana zaune ya ɗan karkata fuska. Wani ya rubuta sunan John French da biro a bayansa, kuma mai sayarwar ya ƙara kuɗi a kan haka, tun da French shi ne ya fara jagorantar sojojin Birtaniya a Faransa kafin Haig ya karɓe shi a watan Disamba na 1915. Kallon farko bai ba ni dalilin musu ba, gama French ma gajere ne mai farin gashin baki. Amma da na sa gilashin ƙara girma a kan kafaɗar, sai na ga takobi da sanda da kambi da anini, ba sanduna biyu cikin zobe ba. French ya zama fil mashal tun 1913, kafin a fara yaƙin, saboda haka idan hoton na lokacin yaƙi ne, kamar yadda sauran shafin mujallar da ke bayansa ya nuna, to ba shi ba ne. Wanda ya fi dacewa da wannan siffa da wannan muƙami shi ne Plumer, wanda ya zama cikakken janar a 1915, ya kuma jagoranci harin Messines a watan Yuni na 1917.

A nan ne rumbun ya yi mini rana. Na buɗe shafin French a gefe ɗaya da na Plumer a ɗaya gefen, na yi ta duba hotunan kowannensu na shekaru dabam-dabam, ina kawar da idona daga gashin baki ina kallon abin da tsufa da wanzami ba sa sauyawa, wato haɓa da kunne da tazarar idanu. Haɓar French ginanniya ce mai ƙwari, ta Plumer kuwa ta janye baya har kamar ta shige wuya, kuma wannan janyewar tana nan a kowane hoto nasa. Dattijon da ke hannuna haɓar Plumer gare shi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma hoto guda ɗaya na kwatance ba ya isa ya raba gardama irin wannan, domin haske da kusurwar kyamara suna iya ba kowa fuskar wani. Abin da rumbun ke bayarwa wanda littafin tarihi ba ya iya bayarwa shi ne mutum ɗaya a zama biyar ko goma, a gaban masu ɗaukar hoto dabam-dabam, kowane da shekararsa. A ganina wannan shi ne mafi girman darajarsa, kuma shi kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai wannan sha'awa ya riƙe shi.

Yawan waɗannan hotuna yana da asali. A 1917 gidan ya fara wani shiri na ɗaukar hotunan fitattun mutanen ƙasar a tsare, kuma Walter Stoneman ne ya riƙe kyamarar shirin har rasuwarsa a 1958, inda ya ɗauki dubban mutane, cikinsu da hafsoshi masu yawa da ba su yi sunan da za a zana su da fenti ba. Gidan kuma ya gaji tarin gilasan hoto na shagon Bassano, wanda manyan Landan suka daɗe suna zuwa, kuma daga hoton wannan shago ne aka zana fuskar Kitchener, sakataren yaƙin Birtaniya, a shahararriyar takardar kiran matasa shiga soja ta 1914. Tun da mujallu daga irin waɗannan shaguna suke sayen hotunan da suke bugawa, ba abin mamaki ba ne mutum ya tarar da ainihin zaman da aka yanko nasa hoton daga ciki, kujera ɗaya, karkata ɗaya, ninkin riga ɗaya. Ranar da haka ta faru, an tashi daga zato an koma yaƙini.

Duba hotunan da yawa ya kuma koya mini wasu tarkuna guda biyu. Na farko, gilasan ɗaukar hoto na wancan zamani ba sa ganin ja da rawaya sosai, sai su fito da su baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari, don haka jan ƙyallen da ke kwalar janar da jan zagayen hularsa duhu suke bayyana, kuma ba a iya dogara da hasken ƙyallen lambar yabo wajen cewa ga launinsa. Na biyu, masu buga mujallu sukan juya hoto dama ta koma hagu domin ya fuskanci rubutu. Lambobin yabo a ƙirjin hagu ake sa su, igiyar ɗamarar fata kuma ta kafaɗar dama take bi, saboda haka idan aka ga akasin haka a san an juya hoton, kuma tabon Wilson ko tsagar sumar wani sun koma ɗaya gefen.

Akwai kuma batun sauyin suna, wanda yake rikita wanda bai saba da sarautun Ingila ba. French ya zama Earl na Ypres a 1922, Edward Grey, sakataren harkokin waje, ya zama Viscount Grey na Fallodon a 1916, janar ɗin da ake kira Cavan a zanen Sargent kuma sunansa na yanka Frederick Rudolph Lambart. Rumbun yana rubuta cikakken suna tare da sarautar, don haka yana da kyau a gwada duka biyun wajen bincike.

Shugabannin siyasa sun fi janar-janar wuyar sha'ani, domin baƙar kwat ba ta da anini. A nan zanen Guthrie, mai lamba NPG 2463, shi ne mafari. Ya kammala shi a 1930, shekarar da ya rasu, kuma ya tara mutum 17 kewaye da teburi, a ƙarƙashin wani tsohon mutum-mutumin Girka mai fukafukai marar kai wanda yake alamta nasara. Arthur Balfour yana tsaye yana jawabi da hannu a miƙe, David Lloyd George da Herbert Asquith da Grey suna zaune, Winston Churchill ya tallafe kumatu haske ya sauka a kansa, Kitchener kuwa yana can gefe cikin inuwa. Wannan taron ma bai taɓa zama ba, gama Kitchener ya nitse a teku a watan Yuni na 1916, wata shida kafin Lloyd George ya zama firaminista. Akwai shugabannin ƙasashen daular, Robert Borden na Kanada, da Billy Hughes da Joseph Cook na Ostiraliya, da William Massey na Niyu Zilan, da Edward Morris na Newfoundland, sai Botha wanda shi kaɗai ne ya fito a wannan zane da na Sargent. Maharaja Ganga Singh na Bikaner, da rawaninsa da murɗaɗɗen gashin bakinsa, shi ne kaɗai wanda ba Bature ba a cikinsu, kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Versailles a 1919.

Ga 'yan siyasa, shekaru su ne babban tarko, domin rayuwarsu a idon jama'a ta fi ta soja tsawo. An haifi Churchill a 1874, kuma fuskar da duniya ta haddace ita ce ta tsohon 1941 mai murtuke fuska, wadda ba ta da kusanci sosai da siririn saurayin da ya shiga majalisa a farkon ƙarnin. Lloyd George ya fara da baƙar suma ya ƙare da farar da ta sauko har ƙeya. Ganin hotunan mutum a jere da shekarunsu yana nuna yadda fuskar ta yi tafiya, kuma daga nan ake koyon abin da ya kamata a riƙe da abin da ya kamata a sake.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, rumbun yana buɗewa a waya, amma aikin kwatanta fuska biyu yana son kwamfuta ko aƙalla allo mai faɗi. Hotunan da ake iya saukewa kyauta domin karatu, ba domin kasuwanci ba, ƙanana ne, sun isa a ga haɓa da kunne, amma ba koyaushe suke isa a ƙirga ƙyallayen lambobin yabo ba, kuma wanda yake son babba sai ya nemi lasisi ko ya sayi bugu. Komai da Turanci yake, sai dai Turancin da ake bukata kaɗan ne, tun da sunaye da shekaru su ne jigon. Iyakarsa ta gaskiya ita ce manufarsa: gida ne na tarihin Birtaniya, don haka wanda hotonsa na hafsan Faransa ne mai doguwar hula zagayayya, ko na Bajamushe mai hular kwano da tsini a sama, ya nemi babban taimakonsa a rumbunan waɗannan ƙasashe. A cikin iyakar da ya shata wa kansa kuwa, ban ga kafar da ta kai shi tsari da amana ba, kuma ina ba duk mai farawa shawarar ya fara da shi.

Na bar mutum biyu zuwa ƙarshe domin su ne suka sa wannan sha'awa ta daina zama mini kallon baƙi kawai. A can ƙarshen zanen Sargent ta hannun dama akwai wani hafsa da mafi yawan masu kallo ba sa tsayawa a kansa, Charles Macpherson Dobell, haifaffen Kanada a 1869. Lokacin da yaƙi ya ɓarke shi ne babban sufeton rundunar Birtaniya ta Afirka ta Yamma, wadda rejimantin Nijeriya ke cikinta, kuma shi aka ba jagorancin sojojin haɗin gwiwa da suka shiga Kamaru ta teku domin ƙwace ta daga Jamus. Duwala ta faɗa hannunsu a ranar 27 ga Satumba 1914, Yawunde kuma a ranar 1 ga Janairu 1916. Ta arewa, harin farko da aka kai Garwa daga Yola a ƙarshen Agusta 1914 bai yi nasara ba, sai a watan Yuni na 1915 garin ya miƙa wuya ga rundunar da Frederick Cunliffe ke jagoranta tare da Faransawa, dutsen Mora kuwa bai sallama ba sai a watan Fabrairu na 1916. Waɗanda suka yi wannan tafiya a ƙasa, suka ɗauki kaya suka hau duwatsu, da yawansu mutanen Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Daga baya an tura Dobell fagen Falasɗinu, aka kuma sauke shi bayan hari na biyu a kan Gaza ya ci tura a watan Afrilu na 1917.

Na biyun yana zaune a teburin Guthrie, wato Alfred Milner, wanda ya zama sakataren mulkin mallaka a 1919, kuma a watan Yuli na wannan shekara ya sa hannu tare da takwaransa na Faransa, Henry Simon, a kan takardar da ta raba Kamaru tsakanin ƙasashen biyu. Layin da suka amince da shi ya ratsa ƙasar Adamawa, ya bar Garwa a ɓangaren Faransa, Yola kuma tana ɓangaren Ingila. Duk wanda yake da dangi a tsallaken wannan iyaka yana da dalilin sanin fuskar wannan mutum mai dogon goshi da ke zaune kusa da Lloyd George.

A cikin jakar da nake adana hotunana, na sa hoton Dobell a shafi ɗaya da wani da na samu daga wata mujallar lokacin yaƙin, na wasu sojoji bakwai a tsaye babu takalmi, da jar dara a kai, da bindigogi a gefe. Wannan hoton bai rasa rubutunsa ba, yana nan ƙarƙashinsa lafiya lau, amma abin da ya ce kawai shi ne sojojin Nijeriya ne a Kamaru. Kaɗan ne daga irinsu tarihi ya riƙe sunansu, kamar Chari Maigumeri, wanda ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, ya dawo rejimantin Nijeriya, ya yi yaƙi na biyu, kuma barikin Lakwaja yake ɗauke da sunansa a yau. A bayan hoton Dobell na rubuta cikakken sunansa da shekarunsa da lambar NPG 1954. A bayan na mutum bakwai ɗin na rubuta abin da kakinsu ya nuna: na uku daga hagu yana da igiya uku a hannu, saje ne, na ƙarshe kuma yana da igiya biyu, kofur ne.